Ci-ranin Tamaula

A gidanmu babu wanda ya isa ya zagi Sani Kaita a gaban Yaya. Kana iya taɓa gwamna, ka taɓa dillalan tumatir na Kwanar Gafan, har ka taɓa Kano Pillars da yake mutuwar so, ya yi dariya ya ƙyale ka. Amma ka ce Kaita ne ya kashe Najeriya a 2010, to tuwonka zai huce, domin sai ya zaunar da kai ya lissafo maka garuruwan da mutumin ya bi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jan carbi. Ya haddace su tsaf, shi da ko lambar wayarsa sai ya duba kwalin da ya rubuta ta a jiki.

Ga waɗanda ba su riski abin ba, ga yadda aka yi. Ranar Alhamis 17 ga Yuni 2010, a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu, Najeriya tana gaban Girka da ci ɗaya, wanda Kalu Uche ya zura da bugun tazara. A minti na 33 ƙwallo ta fita, aka ɗan yi ture-ture a bakin layi, sai Kaita ya ɗaga ƙafa ya kai wa Vasilis Torosidis hauri. Alƙalin wasa ya zaro jan kati. Kaita ya ja rigarsa ya rufe fuska, ya fita. Kafin a tafi hutu Girka ta farke, da aka dawo kuma Torosidis ɗin dai shi ne ya ci ta biyu. Girka ba ta taɓa cin wasa a gasar kofin duniya ba sai ranar. Bayan kwana biyar Yakubu Aiyegbeni ya ɓarar da ƙwallon da ko makaho zai ci a wasanmu da Koriya ta Kudu, amma duk da haka Kaita ne aka fi riƙewa. Har barazanar kisa aka riƙa aika masa.

Mu a wani gidan kallo na gefen titin Zariya muka gani, wajen ƙarfe uku da rabi na yamma. Damina ta kankama, mutane sun baro gonakin shinkafa da taɓo a ƙafa sun cunkushe a kan benci, janareto yana ta ruri a bayan zana. Wani dattijo da ban taɓa jin ya yi ashar ba, ranar ya yi. Yaya bai ce uffan ba har muka fito. Sai da muka zo kan gadar kanal ya ce, "Ku wasa ɗaya kuke wa kuka. Shi kasuwarsa ce ta faɗi."

An haifi Kaita a Kano a 1986, daga Pillars kuma ya fito. A 2005 yana cikin 'yan ƙasa da shekara 20 na Samson Siasia, tare da su Mikel Obi da Taye Taiwo, waɗanda suka kai wasan ƙarshe a Holan, Ajantina ta doke su 2-1, Messi ya ci duka biyun da fenariti. A shekarar Sparta Rotterdam ta ɗauke shi. A 2008 ya sake zuwa wasan ƙarshe, na Olamfik a Beijing, Ajantina ta sake tare hanya, wannan karon ta ƙafar Di María. Lambar azurfa biyu kenan a wuyan ɗan Kano yana da shekara 22. Da muka ji Monaco ta Faransa ta ɗauke shi sai muka ce shi kenan, ya haye.

Monaco ta ɗauke shi, amma ba ta zaunar da shi ba. Ta riƙa ba da aronsa kamar injin ban ruwa: Kuban ta Krasnodar, Lokomotiv ta Mosko, Alania ta Vladikavkaz, duk a Rasha, sai Metalist ta Kharkiv a Yukren. Daga nan sai inda Yaya yake tsayawa ya girgiza kai: Iraklis, a ƙasar Girka, shekara ba ta zagayo da jan katin ba. "Ka ga ƙaddarar mai neman abinci," in ji shi, "inda aka kunyata ka, can za a ce ka je ka ci." Sai Tavriya a Kirimiya, sai Olympiakos ta Nikosiya a tsibirin Saifurus, ya dawo gida ya buga wa Enyimba ta Aba, ya leƙa Moldoba, ya ƙare a Finlan, har Rovaniemi, garin da yake can ƙuryar arewacin duniya inda rana ba ta faɗuwa a tsakiyar watan Yuni. Nakan kwatanta wa kaina Bakano a irin wannan gari a cikin azumi, yana duban agogo domin sama ta ƙi ba shi amsa.

Turawan Birtaniya suna da suna na musamman da suke kiran irin wannan ɗan wasa. Asalin kalmar ta masu sana'ar hannu ce: mutumin da ya gama koyo a wajen ubangida, bai kai ga buɗe shagonsa ba, yana bin inda aiki yake ana biyansa na yini. A ƙananan rukunan ƙwallon Sikotilan da Ingila irinsu sun fi taurari yawa nesa ba kusa ba. Za ka ga mutum ya buga wa kulob goma ko fiye, wani ma da rana yana gyaran famfo, da dare ya je atisaye, ranar Asabar ya sa riga ya shiga fili. Mu a Kadawa ba ma bukatar aron kalma. Duk shekara, da zarar sanyi ya shigo, muna ganinsu suna sauka daga bayan mota da buhu a kafaɗa, daga Jigawa da Katsina da ƙasar Damagaram. Su yi dashe, su yi ban ruwa, su ɗebi tumatir a biya su kan kwando, su kwana a rumfa a bakin gona. Mai gona ya san ƙarfin kowannensu, amma da wuya ya san sunan mahaifinsa. Bana yana wajenka, baɗi yana wajen wanda ya ƙara masa ɗari biyu. 'Yan ci-rani.

Yaya yana kare Kaita ne saboda shi ma wannan ci-ranin ya yi, sai dai nasa bai ƙetare Maraɗi ba.

A filin firamare ya fara, inda rabin wasan ake yi a ƙasa, rabin kuma wajen tsamo ƙwallo daga kanal. Mai tsaron baya ne, dogo, mai kai kamar turmi. Tun yana ɗan shekara 17 aka fara zuwa ɗaukarsa haya. Duk wanda ya san ƙwallon ƙauye ya san ɗan haya. Idan aka sa kofi, na sallah ko na wani mai neman kujera da zaɓe ya matso, kowane gari yana son ya ci, sai masu kulob su bi dare su nemo 'yan wasa daga wasu garuruwa. A ba ka kuɗin mota da ɗan abin da aka daidaita, a koya maka sunan unguwar da za ka ce daga nan kake, wani lokaci har da sunan da za ka amsa. Yaya ya buga wa Kura, ya buga wa Bunkure, ya buga wa Chiromawa, akwai makon da ya buga wa garuruwa biyu masu gaba da juna, kowanne da sunansa daban. Ya ce ranar da aka gane shi, ta cikin gonar rake ya tsira, takalmi a hannu.

Baba, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa zuwa kallo ba. Abin da yake cewa kawai shi ne, ga mutum da hankalinsa ya bar ƙasa mai ruwa yana bin iska a cikin fata.

Daga baya abin ya ɗan yi tsari. Wani kulob na ƙaramin rukuni ya ɗauke shi, aka yi masa lasin da hoto da hatimi. Daga nan ya koma wani a Kaduna, sai wani a wajen Gusau, sai ya tsallaka Nijar kaka guda, ya dawo. Kulob shida a shekara takwas. A cikinsu biyu ne suka biya shi kuɗin sa hannu cikakke. Sauran sai dai a ba ka kashi ɗaya, a ce ragowar idan gwamnati ta saki kuɗi, kaka ta ƙare, a canza shugabanni, sababbin su ce ba su san da maganarka ba. Ya kwana a ajin makaranta a kan tabarma, su ashirin. Ya yi tafiyar awa goma sha biyu a bas, aka sauke su suka shiga fili ƙafa a kumbure. Ya ce a lokacin idan ka je waje, abin da kake roƙon Allah shi ne a ci ku ɗaya ku fita lafiya, domin in kuka kuskura kuka yi nasara, ku da alƙalin wasa sai 'yan sanda sun fitar da ku. Da 'yan bindiga suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja a watan Maris na 2015, suka raunata 'yan wasa har da Gambo Mohammed, Yaya bai yi mamaki ba. Ya ce wannan Pillars ce, mai riƙe da kofi, shi ya sa aka ji a rediyo.

Gwiwa ce ta dawo da shi. Ya tashi sama ya sauko ba daidai ba, ya ji wani abu ya tsinke a ciki. Kulob ɗin suka ba shi maganin shafawa da kuɗin mota. A gida aka kai shi wajen mai ɗori, wanda ya yi iya yinsa, amma ciwon ba na ƙashi ba ne. Abin da ya dawo da shi duka ya shiga jaka ɗaya: takalmi, riguna uku na kulob daban-daban, da wata takardar yarjejeniya da har yau take cikin akwatinsa a naɗe a leda, mai ɗauke da kuɗin da ba a biya shi ba. Baba bai ce masa komai ba. Da ya fara takawa, ya miƙa masa fartanya.

To, ga gonar da ake magana. Eka ɗaya da rabi ce, tana jingine da ƙaramin kanal. Wanda ba ɗan nan ba ba zai gane abin da hakan yake nufi ba. Ruwan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka gina zamanin Audu Bako aka gama a 1974, ya biyo babban kanal da ƙafarsa ba tare da inji ba, ya rarrabu cikin ƙananan magudanai a ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are. Gonar da wannan ruwa yake taɓawa ba ta san hutun rani ba. Da damina shinkafa, da rani tumatir ko alkama ko albasa ko masara. Ba wai arziki ake yi kullum ba. Akwai shekarar da kwandon tumatir bai kai kuɗin kwandon da aka zuba shi ba, sai dai a yanka a shanya a bakin titi a yi kauɗa. A 2016, shekarar da kamfanin tumatir na Ɗangote ya fara aiki a nan Kadawa, tsutsar nan da manoma suka sa wa suna Sharon ta cinye gonaki cikin 'yan kwanaki, har kamfanin ya rasa abin niƙawa. Duk da haka, da wannan gonar aka yi mini makaranta har na zama malami a birni, da ita aka aurar da 'yan'uwanmu mata, daga cikinta Inna take ci. Da Baba ya rasu ba mu raba ta ba. Yaya ne yake nomawa, a fitar wa kowa haƙƙinsa.

Shekara biyu da suka wuce Auta ya ce a ba shi nasa.

Shekararsa 19 a lokacin. Ɗan wasan tsakiya ne, kuma ya iya, ba don ƙanina ne ba. Wani mutum ya gan shi a wata gasa a Kano, ya karɓi lambarsa, ya turo masa takarda ta WhatsApp mai tambarin wani kulob na gabashin Turai, wai ana gayyatarsa gwaji. Sai dai a kawo naira miliyan biyu da rabi na biza da tikiti da masauki, kafin ƙarshen wata. Auta ya riga ya samo wanda zai karɓi jinginar kasonsa na gonar. Aka kira ni daga Kano, wai ni ne ɗan boko, in zo in duba takarda.

Mun zauna a tsakar gida bayan isha'i, Inna tana gefe tana tsince shinkafa kamar ba ta ji. Auta da Ahmed Musa ya buɗe. Ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kaka guda, ya tafi VVV-Venlo, ya tafi CSKA ta Mosko, ya tafi Leicester, ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Ayislan biyu a 2018, ga cibiyar wasanni ya gina a Kano kowa yana gani. "Shi ma wani ne ya yarda da shi, Yaya. Ku kun ƙi yarda da ni."

Ni kuma na zo da nawa makamin, Rabi'u Ibrahim. Na ce masa, ka san shi? Ɗan Kano ne. Shi ne mai lamba 10 a tawagar 'yan ƙasa da shekara 17 da marigayi Yemi Tella ya ci kofin duniya da ita a Koriya ta Kudu a 2007. A lokacin cewa ake yi ga magajin Jay-Jay Okocha. Sporting ta Fotugal ta ɗauke shi, ya je PSV a Holan, a farkon 2012 Celtic ta Sikotilan ta sa masa hannu, da ƙyar ya taka mata fili. Ya koma Kilmarnock, can ma bai daɗe ba. Na ce wannan fa wanda duk duniya ta gan shi a talabijin kenan, wanda manyan kulob suka yi layi a kansa. Kai wa ya gan ka? Mutum ɗaya, a WhatsApp.

Ina tsammanin Yaya zai ɗora a kan maganata. Sai ya juyo kaina.

"Malam, tsaya. Ina Rabi'un ya je bayan nan?"

Na ce Sulobakiya.

"Ya yi me?"

Dole na faɗa: ya ci gasar ƙasar da Trenčín, ya je Gent a Beljiyam, ya dawo Slovan Bratislava ya sake cin kofuna.

"To wannan ne ka kawo a matsayin wanda ya faɗi? Mutum ya yi shekara goma sha yana cin abinci da ƙafarsa a ƙasar mutane, wata ya yi a biya shi, ya ji ciwo likita ya duba shi, ka ce ya faɗi don bai zama Okocha ba? Ni da na sami rabin rabinsa, da yanzu ina tafiya ba ɗingishi. Ku 'yan kallo mutum biyu kawai kuka sani, tauraro da wanda ya lalace. Waɗanda ke tsakiya su ne masu ƙwallon."

Fuskar Auta ta washe, ya zaci ya sami mai goya masa baya. Yaya ya juya gare shi.

"Kai kuma, ba zan hana ka tafiya ba. Baba bai hana ni ba, ya dai ƙi kallona. Amma ka taɓa ganin ɗan ci-ranin da ya sayar da gonar garinsu kafin ya taho? Yana zuwa ne don ya ci rani a nan, hadari ya taso ya koma ya yi shuka. Ranar da gwiwata ta tsinke, da babu wannan gonar, a tashar Unguwa Uku za ka same ni ina kiran fasinja. Kira min mutumin."

Auta ya kira, ya sa a lasifika. Yaya ya gaishe shi da ladabi, ranka ya daɗe sama, ranka ya daɗe ƙasa. Sannan ya fara tambaya a hankali. Wane ne kocin kulob ɗin? Kwana nawa ne gwajin? Idan ba a ɗauki yaro ba, tikitin dawowa yana hannun wa? Fasfo a wajen wa zai zauna? Sai ta ƙarshe: "Ranka ya daɗe, ni a iya sanina, mai son kaya shi yake turo mota. Ko dillalin Legas idan yana son tumatirina, ba ya cewa in biya shi kafin ya duba. Me ya sa kulob ɗin ba su turo tikiti ba?" Mutumin ya ce ai haka tsarin Turai yake. Ni kuma na sa baki na tambaye shi lambar lasisinsa, tunda daga 2023 FIFA ta dawo da jarrabawa ga wakilan 'yan wasa, sunayen masu lasisi kuma suna shafinta na intanet, kowa yana iya dubawa da wayarsa. Ya ce shi ba ya magana da mutanen da ba su san darajar dama ba, akwai yara goma da suke jiran wannan gurbi. Ya kashe.

Nan ne Inna ta ajiye faranti. Ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne. Ta ce, "Abin da babbanku ya ce, shi za a yi. Gonar nan kuwa, sai bayan raina." Ta shige ɗaki.

Kada wani ya ɗauka a nan magana ta mutu kowa ya yi murna. Auta ya yi wata uku ba ya gaishe mu sai da ka. Gaskiyar mutumin kuma, akwai yaran da suke jira. Wani yaro daga ƙauyen da ke gaba da mu, iyayensa suka sayar da shanun noma, ya tafi. Yakan turo hotuna yana tsaye cikin dusar ƙanƙara da babbar riga, Auta ya riƙa tura mini su ba tare da ya rubuta komai ba. Na duba su duka. Babu ko ɗaya da yake sanye da rigar wasa. Na faɗa wa Auta haka, ya ce ko ba komai shi yana can, ni ina nan, kuma ban sami amsar da zan ba shi ba wadda za ta shiga kunnen ɗan shekara 19.

Har yau ni da Yaya ba mu daidaita ba a kan abu ɗaya. Ni ina ganin ƙwallo a ƙasar nan caca ce da ƙuruciya, kuma da son raina ne da Auta ya koma makaranta. Shekarun da ƙafa take da kuɗi su ne dai shekarun da ake koyon duk wata sana'a, idan suka wuce ba sa dawowa. Irin su Rabi'u Ali, da suka zauna a Pillars suna bugawa har suka haura shekara 40, ana ƙirga su da yatsu. Yaya kuma yana ganin sana'a ce kamar kowace, mai wahala da cuta da rashin tabbas, amma ai tumatir ma haka yake, kuma babu wanda ya taɓa ce wa manomi ya daina don Sharon ta cinye masa shekara guda. Idan na ce masa dubi gwiwarka, sai ya ce in dubi bayan Baba lokacin da ya kai sittin.

Abin da ya yi shi ne, ya ware wa Auta fangali huɗu a gefen gonar, ya ce duk abin da ya fito a ciki nasa ne, ya sayi takalmi, ya yi kuɗin mota. Ya haɗa shi da wani tsohon abokin wasansa da yake horar da yara a Kano. Ya kuma ba shi karatun da babu makarantar da take koyar da shi: kada ka sa hannu a takardar da ba a ba ka kwafinta ba, kada ka ba kowa fasfonka ya ajiye maka, ka karɓi abin da za ka iya karɓa ranar sa hannu, don na baki ba ya sayen garin kwaki, ka yi abota da mai kula da kayan wasa, shi yake fara sanin wanda za a kora, idan ka ji ciwo ka faɗa, kada ka bari a yi maka allura ka shiga. Sannan, duk abin da abokin karawa ya gaya maka a bakin layi, ko uwarka ya zaga, ka bar ƙafarka a ƙasa.

A shekara biyun nan Auta ya canza kulob uku. Ɗaya ya rushe a tsakiyar kaka, ɗaya ya sallame shi da aka kawo sabon koci da yaransa. Sau ɗaya Yaya ya je kallonsa, ya hau mota da sassafe da ƙafarsa a miƙe tsakanin kujeru. Aka sa Auta saura minti ashirin. Da suka fito, abin da ya ce masa kawai shi ne yana riƙe ƙwallo da yawa, kuma ba ya waiwaye kafin ta iso shi. Amma da ya dawo gida, matarsa ta ce sai da ya ba maƙwabta labarin wani fasin da yaron ya bayar har sau uku.

A farkon sanyin nan Auta ya kira ya ce wani kulob a wajen Katsina yana nemansa. Yaya ya tambaye shi nawa suka ce, kuma a hannu ko a baki. Ya ce rabi a hannu. Yaya ya ce ba laifi, ya tafi. Inna ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da yaji, ita tambayarta ɗaya ce kullum, ko ana ba su abinci a can.

Tafiyar ta zo daidai lokacin dashe, ga ƙafar Yaya ba ta jure tsayuwa cikin ruwan sanyi da asuba. Dole ya ɗauki wani yaro da ya sauka daga ƙasar Damagaram ya riƙe masa ban ruwa, har da fangali huɗun Auta. Sun daidaita zuwa ƙarshen ɗiba. Da na je gida makon jiya na tarar da yaron a filin firamare bayan la'asar, yana buga baya ba takalmi, Yaya yana zaune a kan kututture yana yi masa tsawa ya daina bin ƙwallo, ya bi mutum.